Yadda Jirgin Ruwa Ke Hawa Tudu



Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtua a 2024, ƙanena da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ya hana ni sakat da tambaya. "Yaya, to ina ruwan? Ina jirgin?" Na yi masa bayani cewa babu jirgi ko ɗaya, kwantenoni ne ake ɗaukowa daga bakin teku a mota ko a jirgin ƙasa, a zo nan a yi musu aikin kwastan. Ya yi shiru, can ya ce, "Ni ma dai na ce, jirgin ruwa ai ba ya hawa tudu." Na ce masa haka ne. Ashe ƙarya na shirga wa yaro ban sani ba.

A zangon karatun da ya wuce wani malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana wani ɗan bidiyo a aji. Wani tsoho ne Bature da matarsa a cikin wani siririn jirgin ruwa a kudancin Faransa, suna shan shayi, jirgin kuwa yana hawa tudu mataki bayan mataki kamar mai hawa bene. Duk ajin muka ɗauka haɗin kwamfuta ne. Malam ya ce ba haɗi ba ne, kuma matakalar da muke kallo an gina ta sama da shekara 340 da suka wuce.

Bari in fara da jirgin. Faɗinsa mita 2 ne da 'yar ɗoriya, wato in mutum ya kwanta a gicciye a ciki saura kaɗan ya taɓo bango da bango. Tsawonsa kuwa yakan kai mita 21, kamar a jera motar Sharon huɗu a layi har da saura. A ciki akwai gado, da wurin girki, da banɗaki, wasu har da murhun jin ɗumi. Asalinsa ba na Faransa ba ne, na Ingila ne. A can ne aka gina hanyoyin ruwa masu ƙofofi matsattsu, faɗin ƙafa 7, dole ta sa aka ƙera jirgin da zai iya kutsawa, yana dakon gawayin ƙasa doki na jansa daga gefe. Yau wasu masu irin wannan jirgi sukan ɗora shi a kan tirela su kai shi Faransa, su shafe watanni suna zagaya ƙasar ta ruwa. Jiragen Faransawa na gargajiya sun fi shi girma sosai, mita 38 da rabi a tsaye, mita 5 a faɗi, don haka siririn jirgin Ingila a can kamar ɗan akuya ne a garken shanu.

Ruwan da suke bi kuwa ba kogi ba ne. Hanya ce da aka haƙa da hannu aka sako mata ruwa. Wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura a Jihar Kano ya ga kanal ɗin da ke kai ruwan Tiga gonakin rani, to irinsa ne, sai dai wannan ya fi faɗi da zurfi, kuma don jirgi aka yi shi. Faransa tana da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa kimanin kilomita 8,500 idan an haɗa koguna da kanal. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240, daga birnin Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum kusa da garin Sète. Gudun da doka ta yarda da shi a kansa kilomita 8 ne a awa guda. Mai keke ma wuce ka zai yi yana ɗaga maka hannu. Da na nuna wa kakata a Sabuwa bidiyon na gaya mata kuɗi mutane ke biya su yi wannan tafiya, sai ta ce, "Kai maigida, yanzu mutum da dukiyarsa ya rasa abin hawa sai wanda jaki zai tsere wa?"

To yaya jirgi ke hawa tudu? Ku natsu a nan, don ko a jarabawa zai iya yi muku rana.

Ku ƙaddara wani dogon ɗaki na dutse marar rufi, an gina shi a tsakiyar hanyar ruwan, da ƙofa a gabansa da ƙofa a bayansa. Ruwan da ke gaban ɗakin yana sama, wanda ke bayansa yana ƙasa, a ce tazarar mita 3. Jirgi ya taho daga ƙasa ya shiga ɗakin, sai a rufe ƙofar baya. Daga nan sai a buɗe wasu ƙananan tagogi a jikin ƙofar gaba, ruwan sama ya riƙa kwararowa cikin ɗakin. Kun san yadda moɗa ke tasowa a cikin randa idan ana zuba ruwa? Haka jirgin ke tasowa, ba injin da ya ɗaga shi. Idan ruwan ɗakin ya yi daidai da na gaba, sai a buɗe ƙofar gaba, jirgi ya fita, ya hau mita 3 ke nan. Mai saukowa kuma a juya lamarin: ya shiga ɗakin yana cike, a rufe, a zubar da ruwan ta tagogin ƙasa, ya sauka a hankali. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofofin. Kowace ƙyaure biyu ce da ke haɗuwa da ɗan tsini yana kallon ruwan sama, saboda haka nauyin ruwan da kansa ne ke danne su a rufe. Ko ƙarti goma ne ba za su iya buɗe su ba sai ruwan ɓangarorin biyu ya daidaita. Wato an yi ginin ne yadda ko mai gaggawa ba zai samu damar yin ganganci ba.

Irin waɗannan wurare na hawa da sauka 63 ne a kan Canal du Midi. Wanda muka gani a bidiyon yana gefen garin Béziers, ana kiransa Fonseranes, inda aka jera ɗakuna takwas a manne da juna, waɗanda a farkon gininsu suke ɗaga jirgi sama da mita 21 a cikin tazarar mita 300 kacal.

Yanzu ga tambayar da Malam ya jefo mana, muka yi tsuru-tsuru. Duk jirgin da ya wuce, ruwa cikin ɗaki guda ya gangara ƙasa, kuma ba zai dawo ba. To can ƙololuwar hanyar, inda ruwa ke gangarawa gabas da yamma, daga ina ake samun wanda zai maye gurbinsa? In babu amsa, cikin 'yan kwanaki saman kanal ɗin zai ƙafe, jirage su zauna a laka.

Wannan tambaya ce ta hana a gina hanyar tsawon ƙarnoni, duk da sarakunan Faransa sun daɗe suna sonta. Dalilin son nata ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ɗan kasuwar da ke son kai kaya daga tekun Atlantika zuwa Bahar Rum sai ya zagaye ƙasar Sifen gaba ɗaya ya bi ta mashigin Jibraltar, tafiyar makonni, ga guguwa, ga 'yan fashin teku da ke kama mutane su nemi kuɗin fansa. Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an fassara mana ma'anar a ce hanya ba lafiya ba.

Wanda ya warware matsalar ba injiniya ba ne. Sunansa Pierre-Paul Riquet, a furta shi Rike, haifaffen Béziers, kuma aikinsa karɓar harajin gishiri. Abin da ya fi sauran da shi shi ne ya san yankinsu ƙafa da ƙafa. Akwai wasu duwatsu da ake kira Baƙin Dutse a arewa da inda hanyar za ta bi, masu yawan ƙoramu. Ya yi shekaru yana bin ƙoramun nan yana auna ruwansu, wanne ke ƙafewa da rani, wanne ke jurewa. Ya gano cewa in aka tattara su a kwalbati ɗaya, za su iya gangarowa da kansu har wani wuri mai suna Naurouze, mai tsayin mita 189 daga saman teku, wanda shi ne ƙololuwar hanyar. A 1662 ya rubuta wa Colbert, ministan Sarki Louis na 14. Da aka yi shakka, sai ya haƙa 'yar siririyar kwata ta gwaji a 1665, ruwa ya biyo ta har Naurouze, kowa ya gani da idonsa. A 1666 sarki ya sa hannu. Don ruwan rani kuma ya gina dam ɗin Saint-Ferréol, wanda a zamaninsa babu kamarsa a Turai, yana tara ruwa mita kubik miliyan 6 da ɗoriya.

Ma'aikata sun kai 12,000 a lokacin da aikin ya kankama, maza da mata, da magirbi da shebur da kwando. An ce har ranakun da ruwan sama ya hana aiki da ranakun rashin lafiya yana biyansu, abin da ko yau ba kowane ɗan kwangila ke yi ba. Sun huda wani tudu sun yi wa jirgi rami mai tsawon mita 165 a Malpas. Da bangon ɗakunan farko ya nuna alamar rushewa, sai ya sauya musu fasali suka koma kamar ƙwai, don bango mai lanƙwasa ya fi jure nauyin ƙasa. Riquet ya zuba dukiyarsa a aikin har ya ci bashi mai nauyi, ya mutu a watan Oktoba na 1680, saura 'yan watanni a buɗe hanyar a watan Mayu na 1681. Bai ga jirgi ko ɗaya ya ratsa ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Daga baya jirgin ƙasa ya ƙwace mata kasuwa, yanzu masu yawon buɗe ido ne suka gaje ta, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Da na koma ɗaki na buɗe taswira, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina zama a kansa. Mu ma a kan tudu muke, kuma namu ya fi nasu nesa ba kusa ba, don yankin Funtua ya kai kusan mita 700 daga saman teku. Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtua ya samo tushe. Ruwan da ya sauka a wannan sashe da damina yana iya bi ta Gusau, ya shiga dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978, ya wuce Sakkwato ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa kogin Neja, daga nan Yawuri, Kainji, Jebba, Lokoja, har teku. Ruwan indararon makarantarku ya fi yawancinmu yawon duniya.

Kada wani ya ce ina kira a haƙa mana kanal daga Mairuwa zuwa Legas. Ruwanmu a wata huɗu ko biyar yake zuba, sauran watannin kogin yashi ne yara ke ƙwallo a ciki, rana kuma tana shanye abin da aka tara. Amma irin ɗakin ruwan nan muna da shi a Najeriya. Lokacin da aka gina dam ɗin Kainji, wanda aka gama a 1968, an yi masa hanyar ɗaga jirage a gefe, don jiragen dakon kaya su riƙa haurawa zuwa Yawuri. Manyan jiragen da aka yi tsammani ba su zo ba. Abin da ke bin ruwan yau kwalekwalen katako ne mai injin a baya, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi.

A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Jihar Kebbi da mutane sama da 150, ya dare a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya daga ƙauyen Badau suna kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne sa'o'inku ko ƙannenku. A Yuni 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. A Satumba 2024 manoma ne a Gummi ta Jihar Zamfara, za su gona da safe. Allah ya jiƙansu da rahama. Kusan duk lokacin da aka yi bayani, maganar ɗaya ce: lodi ya wuce ƙima, babu rigar ruwa, jirgin ya tsufa, ko an yi tafiyar dare. A tafkin Kainji kuma har da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin.

Na san kwatancen bai zo daidai ba. Kanal ɗin Faransa zurfinsa bai wuce mita 2 ba, ba igiyar ruwa, ba guguwa, kuma masu hawansa hutawa suka je yi. Neja kogi ne mai faɗi da fushi, masu hawansa kuma dole ce ta sa su: babu gada, ko titin ya lalace, ko ɓarayin daji sun tare shi, kamar yadda ake fama a wasu sassan Neja da Kebbi da Sakkwato. Shi ma mai fito ba mugu ba ne. Man fetur ya yi tsada, jirgi ɗaya ne a mashigin, in ya bar mutum a gaɓa wataƙila sai gobe. Duk na yarda. Amma abin da na kasa haɗiyewa shi ne, a ruwan da dogon mutum zai iya kusan tsayawa a ciki, kowane jirgin haya an rubuta adadin mutanen da zai ɗauka, akwai rigar ruwa ta kowa, kuma ba za a miƙa maka makulli ba sai an koya maka tuƙi da yadda ake shiga ɗakin ruwa. Mu da ruwanmu ke cin mutum, mu ne ba ma ƙirga. Dokar kuwa akwai ta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, ta hana lodin da ya wuce ƙima. A bakin ruwa ne ba a ganin dokar.

Ga wani lissafi da kowannenku zai iya. A ce jirgi na manya 12 ne, kowane kilo 65, jimla kilo 780. Sai a ce ai yara ne, ba su da nauyi, a zuba 45. In kowane yaro kilo 30 ne, an samu kilo 1,350, an kusa ninka abin da jirgin zai iya. Ga shi yara ba sa zama wuri ɗaya, da jirgi ya ɗan karkata sai kowa ya ruga ɗaya gefen. Ana cewa ido ba mudu ba ya san ƙima, to a kan ruwa kam ido yana yaudara. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an gama lodi. In bai wuce tafin hannu ba, ƙaramar igiyar ruwa ta isa.

Ba zan yi muku wa'azin da ni ban bi ba. Hutun bara na raka wani abokina garinsu a bakin Neja, muka shiga kwalekwale ran kasuwa. Na ƙirga mutum 41, ga babura biyu, ga buhunan shinkafa, ga wani yaro a tsakiya yana kwarfe ruwa da roba tun kafin mu tashi. Na ga komai, na yi lissafin a raina, na kuma ja bakina na yi gum, don kada a ce ɗan tudu ya ji tsoro. Mun haye lafiya. Amma da daren nan ban yi barci ba, ina ta tuna cewa ko iyo ban iya ba, kamar dai yawancinmu da muka taso a inda babban ruwanmu shi ne kududdufin bayan gari.

Shi ya sa nake gaya muku tun yanzu, don wataranku za a tura ku karatu ko bautar ƙasa Yawuri ko Lokoja ko Makurɗi, wasu kuma ziyarar makaranta ko biki zai kai su bakin ruwa kafin nan. In an ce ku shiga, ku ƙirga. In ya cika, ka ce wa malam ko kawu cikin ladabi za ka jira sawu na biyu, in an yi maka dariya a yi. Ki tambayi rigar ruwa ko da kin san za a ce babu, don yawan tambaya ne ke sa wata rana a sayo. Kada a miƙe tsaye a cikin jirgi, kada a shiga bayan magariba. Wanda ya ce muku tsoro rashin tawakkali ne, ku tuna masa abin da aka koya mana a Islamiyya, cewa dogaro ga Allah bai hana ɗaukar mataki ba. Kuma ku riƙe wannan daga darasin kimiyya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, in murfinta ya rufu gam, tana iya tallafe nauyin da ya haura kilo 20 a cikin ruwa, abin da ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Ba ta kai rigar ruwa ba, don tana iya suɓucewa daga hannu, amma in babu komai, ka san inda take kafin jirgi ya tashi.

Wannan ma bai tsaya ga masu tafiya nesa ba. A nan gida, a watan Agusta, rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar zai iya kawo ruwan da aka yi a wani gari can sama alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana iya kayar da babba, balle ɗan aji ɗaya mai jaka a baya. In kun taso makaranta kun tarar ya kawo, ku zauna a gaɓa ku jira ya janye.

Ƙanen nawa kuwa na koma na ba shi haƙuri na nuna masa bidiyon. Ya kalla sau uku, sannan ya tafi bayan gida da yumɓu da murfin galan da buta, wai zai gina nasa ɗakin ruwan. Ƙofar gaba ce ke ba shi wahala har yanzu, kullum sai ta ɓalle.

Ga aikin wannan mako. Ku nemo rafi ko ƙoramar da ta fi kusa da makarantarku, ku tambayi dattawa sunanta, da wane kogi take faɗawa, da watan da take ƙafewa, da kuma wurin da suka san tana cin mutane. Ku aiko mana ta adireshin wannan shafi tare da sunan makaranta da aji. 'Yan Sabuwa musamman ina jiran naku, don ina son mu gwada da na 'yan Ƙanƙara mu ga ko ruwanku hanya ɗaya yake bi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.